Sigarin Lantarki a Gaban Yara

Wani mai sauraro daga Bodinga ya tambaya ko zuƙar sigarin lantarki a tashar mota ko wurin biki tana cutar da yara.

Sigarin lantarki na'ura ce mai batir da ke dumama wani ruwa ya zama tururi, kuma galibin ruwan yana ɗauke da nikotin, sinadarin da ke kama mai shan taba, kuma yake illa ga ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana shan taba a makarantu da asibitoci da motocin haya. Don haka ya wajaba manya a Bodinga su nisantar da wannan na'ura daga yara.