Amsar Tambaya: Shago A Rufe, Takardar Haraji Ta Iso

Tambaya: Malam, ni ɗan tireda ne a Sabon Birni. Rashin tsaro ya sa na rufe shago shekara biyu, ga shi an kawo mini takardar bashin haraji har da na shekarun. Yaya zan yi?

Amsa: Alhaji, Allah ya kawo sauƙi. Kada ka cusa takardar nan ƙarƙashin tabarma. Kwana 30 doka ta ba ka ka rubuta rashin amincewa. In wa'adin ya wuce, kuɗin ya zauna daram a wuyanka.

Rubuta wa Hukumar Tara Haraji ta Jihar Sakkwato, ka faɗi watan da ka rufe da watan da ka buɗe. Haɗa da littafin ciniki, ko da ɓera ya ci gefensa, da rasit ɗin sari, da shaidar sarkin kasuwa. A buga hatimi a kwafinka kafin ka bar ofis, domin maganar baka ba ta shiga fayil. Harajin kuɗin shiga kan riba ake lissafa shi, rufaffen shago kuwa ba ya kawo riba.

In ba ku daidaita ba, akwai kotun ƙararrakin haraji ta Arewa maso Yamma a Kaduna. Abin da ya tabbata a kanka, nemi biyansa kashi-kashi, ka kuma karɓi rasit a kowane biya.