Doki ko Raƙumi? Nazarin Kalmomin Ibrananci a 1 Sarakuna 4:28

Gabatarwa

Wannan muƙala ta duƙufa ne kan aya ɗaya da ke bayanin ciyar da dawakin Sarki Sulemanu, wato 1 Sarakuna 4:28, wadda take 5:8 a lissafin matanin Ibrananci. Hakimai 12 ne ke ɗaukar nauyin fada, kowanne wata guda a shekara, kuma abincin dabbobi na cikin wannan nauyi.

Abincin

Kalmar se'orim ita ce sha'ir. Tushenta ɗaya da sha'ir ta Larabci, inda Hausa ta aro tata, kuma tana da dangantaka da kalmar gashi saboda gezar da ke kan zangarniyar. Teben, 'yar'uwar tibn ta Larabci, karan hatsi ne da aka tattake bayan sussuka. Mai fassara da ya sa harawa a gurbinta ya kauce, domin harawa ta wake ce ko ta gyaɗa.

Dabbobin

Ba a jayayya cewa susim dawakai ne. Rigimar tana kan rekesh, wadda sau huɗu kacal ta bayyana: a nan, da Mika 1:13, da Esta 8:10 da 8:14. Tsohuwar fassarar Girkanci ta ɗauke ta a matsayin karusai, ta Latin ta ce dabbobin ɗaukar kaya, fassarar Ingilishi ta 1611 kuwa ta mayar da ita raƙuma. Sai dai a Mika ana ɗaura rekesh a jikin karusa, a Esta kuma manzannin sarkin Farisa ne ke hawanta don gaggauta isar da wasiƙu. Dabbar da ta haɗa waɗannan ayyuka biyu doki ne mai gudu. Ingarma ma ba ta dace ba, tunda ƙarfi da girman jiki take nunawa.

Wurin da tsarin

Matanin ya ce ana kai abincin wurin da “zai kasance”, ba tare da faɗin wane ne ba. Fassarorin Girkanci da Latin sun cike giɓin da sarki, wasu masana kuwa sun fi karkata ga inda dawakin suke. Mishpat, wadda aka fi sani da ma'anar shari'a, a nan tana nufin kason da aka ɗora wa kowane hakimi.

Kammalawa

Idan aka fassara rekesh da raƙuma, hoton dabbobin fadar Sulemanu ya sauya gaba ɗaya. Hujjar matani ta fi goyon bayan “dawakai masu gudu”.