Laban Ya Canja Magana, Allah Bai Canja Ba

Karatu: Farawa 31:36-52

Shekara 20 Yakubu yana yi wa kawunsa Laban aiki, sau 10 Laban ya canja masa lada. Daga baya ma ya ce garken duk nasa ne. Haka mai murɗa magana yake: yau ya yi alkawari, gobe ya musa, har ka soma shakkar hankalinka.

Yakubu ya lissafta wahalarsa a gaban 'yan'uwa, aka tara duwatsu domin shaida da iyaka. Ƙaunatacce, rubuta abin da kuka shirya, kira dattijo ya shaida, ka kafa iyaka. Gafartawa ba ta hana faɗin gaskiya.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tsare hankalina daga ruɗu, cikin sunan Yesu. Amin.