Filastar Ciwon Jiki Ma Magani Ce

'Yan'uwa manoma, lokacin huɗa da yankan gero ciwon baya yakan dame mu. Da yawa cikinmu mukan sayi filasta mai magani a kemis a Daura, ko a kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, mu manna. Ba laifi, amma mu sani maganin yana ratsa fata ya shiga jini.

Guda ɗaya ake sawa a wurin ciwo. Mai diclofenac yawanci awa 12 take yi kafin a sake. A duba takardarta. Wasu sukan jera uku a gadon baya, su kuma haɗiyi ƙwayar ibuprofen. To, dangi ɗaya ne. In suka taru suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda, balle ga wanda ya yini a rana bai sha isasshen ruwa ba.

Kada a sa kan rauni ko ƙuraje, kada a gasa wurin da ruwan zafi. Mai juna biyu da mai asma su tambayi ma'aikacin asibiti tukuna. In ciwo ya wuce kwana 7, sai asibiti.

Wadda aka cire a ninke ta, a jefar inda yara da awaki ba za su kai ba.