SHIN AKWAI WASU MASU HANKALI A WASU DUNIYOYI?

Wani ɗan'uwa daga Ƙofar Atiku ya turo bidiyon wani abu mai haske yana shawagi a sama, wai baƙi ne daga wata duniya. Tambayarsa ita ce: yarda da samuwarsu yana taɓa imani?

Mu fara daga gida. A watan Oktoba na 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a gonar wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina. Daga baya masana suka gano daga duniyar Mars ya fito, domin iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbon Viking na Amurka ya auna a can a 1976. An yanyanka shi, an rarraba wa ɗakunan bincike, an shekara fiye da 60 ana dubawa. Ba a samu ko ƙwayar halitta a ciki ba, balle mai hankali. Wani irinsa da aka tsinta a yankin Agadas a 2023, an sayar da shi sama da dala miliyan 5, amma shi ma dutse ne kawai.

To me ya sa masana ba su rufe maganar ba? Saboda yawa. Zuwa 2022 an tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 masu kewaya wasu taurari, kuma wannan ɗan abin da na'ura ta iya hangowa ke nan. Sai dai nisan ya wuce tunani. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu, haske ma sai ya shekara huɗu da ɗoriya kafin ya iso. Kumbon Voyager 1 da aka harba tun 1977, da can ya nufa, sai ya yi shekara sama da 70,000 a hanya. Wanda ya ce maka sun zo jiya sun koma, ka tambaye shi a me suka hau.

Ta fuskar addini, aya ta 29 a Suratus Shura ta ambaci halittu masu motsi da Allah Ya watsa a sammai da ƙasa. Ibnu Kasir ya ce ta haɗa mala'iku da mutane da aljanu da dabbobi. Ba nassi ba ce a kan mutanen Mars, kada a ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Haka kuma babu dalilin kafirta wanda ya ce mai yiwuwa ne akwai su. Mu da muka riga muka yi imani da aljanu, ai ba mu taɓa cewa mu kaɗai ne masu hankali ba.

Shi kuwa bidiyon, yanzu yaro da wayarsa zai haɗa irinsa cikin minti biyar da manhajar ƙirƙirarriyar basira. Kada a tura shi gaba da sunan "ikon Allah".

Wallahu a'alam.