Tambayar da ba a yi wa uban gida

Ɗana, tunda ka ce bayan girbi za ka bar Kanan-Bakashe ka nemi aikin albashi a Maradi, zauna mu yi magana. Samarinmu duk nawa-ne-albashi suke tambaya, balle yanzu da aka ɗaga mafi ƙanƙantarsa zuwa jika 42 a 2024. Da wuya ka ji wanda ya ce: in inji ya cinye mini yatsu, wa zai ɗauki nauyina?

Akwai asusun ma'aikata na CNSS, tun 1965 yake. Wajibi ne uban gidanka ya yi maka rajista a can, kuma kuɗin haɗarin aiki daga aljihunsa suke fita, ba a taɓa albashinka. Tun makon farko ka nemi lambar rajistarka, cikin ladabi, ka adana ta. Kada kunya ta rufe maka baki.

In tsautsayi ya auku, Allah ya kiyaye, ko a bakin aiki ko a hanyar zuwa da komowa, ka sanar da uban gidanka ran nan. Awa 48 doka ta ba shi ya kai rahoto. Ka je asibiti likita ya duba ka, ya rubuta. Na san zuciyarka za ta ja ka wurin mai ɗori, ban kuwa raina gwanintarsa ba, amma takardar likita asusun yake dubawa. Da ita ake biyan magani, a ba ka rabin albashi kwana 28 na farko, daga nan kashi biyu cikin uku. In nakasa ta zauna, akwai diyyar da za a riƙa ba ka. Wani uban gidan zai danƙa maka ƴan kuɗi ya ce a bar wa Allah. Ka karɓi ƙaddara, amma haƙƙin na iyalinka ne, ba naka kai kaɗai ba da za ka yafe.

In Kano ka nufa, can ma sun sake doka a 2010, hukumar NSITF ke riƙe da asusun.

Ramin zinariya ne ke hana ni barci. A Nuwamba 2021 rami ya rufta a Garin Liman, wajen Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu. Irin wannan haƙa ba rajista, ba wanda marayu za su kama. Don Allah kada ka bi abokanka can.