Yadda ake yi wa ƙotar bindigar farauta ado

A Amurka akwai masu sayo ƙaramar bindiga daga kamfani, su zauna a gida suna canja mata mariƙi da launi, kamar yadda samarinmu ke yi wa babur kwalliya. A nan ba haka abin yake ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har gobe da ita ake aiki, ta sa fistol cikin haramtattun bindigogi, sai mai lasisin shugaban ƙasa. Wadda talaka ke iya nema wa izini a wurin kwamishinan 'yan sandan jiha ita ce adaka, bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda mafarauta ke ratayawa a dazuzzukan Doma da Awe da Assakio. Ita ake yi wa ado a Lafiya, kuma a wurin kawuna na ga yadda ake yi.

Ranar da na fara zama kusa da shi, kafin ya ɗauki komai sai ya ce, "Yaro, itacen naka ne, ƙarfen ba naka ba ne." Abin nufi, ba a taɓa kunama, ba a goge bakin bindiga da magagari, ba a rage tsawonta. Gyaran ƙarfe aikin wanda hukuma ta ba izini ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin hannun da adaka ta fashe a cikinsa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Farkon aiki shi ne a tabbatar babu ɗuri. A juya bakinta inda babu mutum, a zura sandar ɗuri har ta tsaya, a riƙe wurin da yatsa, a zaro a gwada ta waje. In sandar ba ta kai ƙarshen bututun ba, akwai abu a ciki, aiki ya tsaya ke nan sai an kai ta ga wanda ya san ta. Kada a yarda da maganar "ai ban ɗura ba". Mutum yakan manta ɗurin bara. Albarushi kuwa a fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya.

Sai kankara. Kawu da fasasshiyar kwalba yake yi, yana jan ta a hankali yana bin jijiyar itacen, tsohon datti da zufar shekaru suna zubowa kamar dusa a kan tabarma. Daga nan samfefa mai kaushi, sannan mai laushi. In aka gitta wa jijiya, zanen zai fito ɓaro-ɓaro da zarar an sa mai, kuma ba ya ɓoyuwa. A nan ne mutum zai gane itacen da ke hannunsa: maɗaci ja ne mai sauƙin sarrafawa, maɗobiya ta fi shi nauyi da duhu, ta kuma fi kyan zane. In aka tarar da tsaga a wuyan ƙota, wurin da hannu ke kamawa, to ba maganar ado ake ba, ƙotar ce ke son canji. Rufe tsaga da fata yaudarar kai ce.

Mai kuma man kaɗanya ne, kaɗan, a narka a tafin hannu a murza har itacen ya ɗauki ɗumi, a goge ragowar da tsumma, a jingine a inuwa. Gobe a sake, jibi a sake. Man gyaɗa yana hamami yana kiran kiyashi, baƙin man inji kuma yana jiƙa itace ya lalata shi. Daminar Lafiya doguwa ce, tun daga Afrilu har Oktoba, ƙotar da ba ta sha mai ba kumbura take yi, in hunturu ya zo ta tsage.

Fata ita ce zuciyar adon, kuma a nan ya kamata a bi a sannu. A nemi jar fatar akuya wurin baduku, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi. Irinta ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita daga Kano da Sakkwato, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. A naɗa takarda a gindin ƙotar a fitar da ma'auni, a yanka fatar ta ɗan gaza ma'aunin kaɗan. A jiƙa ta da ruwa har ta yi laushi, a ja ta da ƙarfi a lulluɓa, a huda gefunan da basilla, a ɗinke ta ƙasan ƙota inda kunci ba ya taɓawa. Sirrin shi ne jiƙawar nan: in ta bushe sai ta tsuke ta kama itacen gam, kamar fatar kalangu. Wanda ya ɗinka ta a bushe, wata guda zai ga tana juyawa. Tun tana da danshi ake danna mata zane da bakin ƙusa marar kaifi, layi-layi ko dagi, in ana son baƙi a bi da kuloko.

Abin da nake ƙi shi ne naɗe bututun da fata, ko da yake da yawa suna yi. Fata tana riƙe danshi, tsatsa ta yi ta cin ƙarfe a ƙarƙashi ba a gani. Bututu man keke kawai yake so, a shafa a goge.

Ƙusoshin tagulla gajeru ake nema, a fara huda wurin da tsinken ƙarfe don kada itacen ya dare, a kuma nisanta su daga gefe. Jeri ɗaya ko biyu ya isa. 'Yan bindigar sarki a hawan Sallar Kano da Zariya suna iya cika tasu da tuntaye, amma mai shiga daji ƙaya za ta kama masa su, farin wuri na ado kuma in ya yi yawa yana kaɗawa ya kori nama. Kawu tuntu ɗaya yake ɗaurawa a maratayi, shi ma gajere.

Maratayin daga fatar saniya ake yanko shi, faɗin yatsu biyu, a ninka ƙarshensa a ɗinke sau biyu. A bar komai ya bushe kwana uku a inuwa, kada rana ta taɓa shi. Sannan a rataye ta can sama inda hannun yaro ba ya kai wa, babu ɗuri, albarushi a kulle a wani ɗakin dabam, takardar lasisi kuma a cikin leda inda gara ba za ta same ta ba.